Yadda Ake Tara Hotuna da Takardun Sojojin Tankokin Jamus Ba Tare da An Sha Jabu Ba

Katin farko da na saya da sunan sa hannun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bai kwana biyu a hannuna ba asirinsa ya tonu. Hoton wani kwamandan tankar yaƙi ne cikin baƙar riga, gefen katin an yanka shi kamar haƙoran zarto, shuɗiyar tawada ta ratsa ƙirjin rigar. Da dare na kashe wutar ɗaki, na haska shi da 'yar fitilar nan da 'yan canji ke duba kuɗi da ita. Nan take takardar ta ɗauki wani farin haske mai shuɗi-shuɗi, kamar sabuwar shadda da ta sha bula. Takardar hoto ta 1943 ba ta yin haka, domin sinadarin da ke sa wannan ƙyalli sai a shekarun 1950 aka fara zuba shi. Dillalin ya ƙi karɓar kayansa, kuɗina kuma sun tafi.

Tun daga ranar na daina ɗaukar sa hannu a matsayin ado. Shaida ce, kuma shaida sai an yi mata tambayoyi kafin a yarda da ita. Ga hanyar da nake bi.

Mataki na farko: ka yanki gonar da za ka iya nomewa

Jamus ta kafa rundunonin tankokinta uku na farko a watan Oktoba na 1935, kuma kafin yaƙi ya ƙare a 1945 sun haura ashirin, ban da na Waffen-SS, wato reshen yaƙi na ƙungiyar SS ta jam'iyyar Nazi, da bataliyoyin manyan tankoki masu zaman kansu. Wanda ya ce zai tara komai, dillalai ne za su tara kuɗinsa. Ka zaɓi runduna guda, ko fagen daga guda kamar Arewacin Afirka daga 1941 zuwa 1943, ko nau'in takarda guda. Amfanin wannan a fili yake: bayan shekara ɗaya ko biyu za ka san sunayen kwamandojin rundunar, da watannin da kowanne ya riƙe muƙami, da kamannin hatiminsu, har ka fi mai sayar maka sani.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauki watanni kana kallo kawai. Gidajen gwanjo na ajiye hotunan kayan da suka riga suka sayar a shafukansu na intanet. Ka riƙa sauke su, kana jera sa hannun mutum ɗaya bisa shekaru. Hannun matashin laftanar mai shekara 22 da hannun tsoho mai shekara 85 ba ɗaya ba ne, ko da sunan ɗaya ne.

Mataki na biyu: ka san takardun da sunansu na Jamusanci

Dole ka haddace waɗannan sunaye, domin da su ake ciniki.

Soldbuch shi ne ɗan littafin da soja ke yawo da shi a aljihu. A ciki ake rubuta ƙarin girma, da rundunonin da ya zauna, da kayan da aka ba shi, da kwanciya asibiti, da hutu, da lambobin yabo. Hannaye da yawa ne suka yi rubutu a cikinsa, da tawada iri-iri, cikin shekaru. Idan ka ga Soldbuch da hannu ɗaya da tawada ɗaya tun daga 1940 har 1945, ka ajiye shi. Hoton mai littafin sai a shekarun ƙarshe na yaƙi aka fara maƙala shi a bayan bango, kuma hatimi kan hau rabi a kan hoton, rabi a kan takarda. Ka duba ko zoben hatimin ya haɗu daidai, sannan ka ɗaga gefen hoton a hankali ka ga ko tsatsar ƙarfen maƙalawa ta yi daidai da ramukan da ke wurin. Ramukan da suka wuce na ƙarfen da ke wurin na nufin an sauya hoto.

Wehrpass ya sha bamban: ofis ne ke riƙe shi yayin da mutum ke bakin aiki, shi ya sa ya fi tsabta, kuma a cikinsa ake jera yaƙe-yaƙen da rundunarsa ta shiga. Besitzzeugnis takardar shaidar mallakar lamba ce, galibi rabin girman takardar ofis, an buga sunan soja da tafireta, kwamanda ya sa hannu a ƙasa. Wadda masu tara kayan tankoki suka fi nema ita ce ta Panzerkampfabzeichen, lambar da aka ƙirƙiro ranar 20 ga Disamba 1939 domin waɗanda suka shiga artabu cikin tanka. Sai wasiƙun Feldpost, masu ɗauke da lamba biyar a maimakon sunan runduna, don kada abokan gaba su gane inda take. Akwai kundin da ya fassara waɗannan lambobi, kuma da shi ake gane ko wasiƙa daga rajimantin tankoki ta fito. Akwai kuma Sterbebild, ɗan katin da iyali ke bugawa idan ɗansu ya mutu. Yana da araha, kuma sau da yawa shi ne ya fi faɗin gaskiyar yaƙi: fuskar yaro ɗan shekara 19 da sunan wani ƙauye a Rasha.

Wani abu da ke ruɗa sabon shiga shi ne ƙoƙon kai. Sojojin tankoki na rundunar ƙasa suna sa baƙar riga mai alamar ƙoƙon kai a wuya, zagaye da zare ruwan hoda. Wannan ba SS ba ne, duk da cewa su ma suna da alamar ƙoƙon kai. Na SS mikiyarsu a hannun riga take, ta sojan ƙasa kuwa a ƙirjin dama. Akwai dillalan da ke amfani da wannan ruɗani su ninka farashi.

Mataki na uku: ka raba sa hannu gida uku

Na farko, na lokacin yaƙi: a kan takardar aiki, ko a kan katunan farfaganda irin waɗanda kamfanin Heinrich Hoffmann ya riƙa bugawa na masu lambar Ritterkreuz, babbar lambar yabo ta jarumta wadda mutum kusan 7,300 suka samu. Yaran makaranta a Jamus kan aika wa waɗannan sojoji kati su sa hannu su mayar. Shi ne mafi tsada, shi ne kuma aka fi yi wa jabu.

Na biyu, na bayan yaƙi. Tsofaffin sojoji da yawa sun yi shekaru suna amsa wasiƙun masu neman sa hannu. Otto Carius, wanda ya yi kwamandan tankar Tiger a bataliya ta 502, ya koma mai kantin magani a wani ƙauye da ake kira Herschweiler-Pettersheim, ya rayu har Janairun 2015, ya kuma sa hannu a hotuna masu ɗimbin yawa. Irin nasa ba abin da za a tsawwala maka kuɗi ba ne, kuma da irinsa ya dace a fara. Kishiyarsa Michael Wittmann na Waffen-SS, wanda aka kashe a Normandi ranar 8 ga Agusta 1944. Shahararsa ba ta cika shekara ba ya mutu, saboda haka abin da ya sa wa hannu kaɗan ne, amma kasuwa cike take da sunansa. Ni dai ban taɓa kusantar sa ba, kuma ba na ba sabon shiga shawarar ya kusanta.

Na uku, wanda ba sa hannu ba ne sam. Wani an buga shi tare da hoton, wani hatimin roba ne. A takardun ofis kuma ka lura da 'yan haruffan da ke gaban suna. Idan ka ga "gez." to kwafi ne, mai sunan bai taɓa takardar ba. "i.V." na nufin mataimaki ne ya sa hannu a madadinsa, "i.A." da umarninsa, "F.d.R." kuwa wani jami'i ne ke shaida cewa kwafin ya yi daidai da asali. Takardar na iya zama ta gaskiya ɗari bisa ɗari, amma hannun janar ɗin ba ya kanta. Kada ka biya kuɗin janar a kan hannun akawu.

Mataki na huɗu: gwajin ido da hannu

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na maƙeran zinariya, fitilar gane jabun kuɗi, ƙaramar tocila, da ma'auni.

Ka fara da bayan hoto. Takardun hoto na wancan zamani kan ɗauki sunan kamfani a baya, irin su Agfa Brovira, Agfa Lupex, Leonar ko Mimosa, kuma a hannu takarda ce zalla. Wadda ka ji tana santsi kamar roba gaba da baya ta ƙarshen shekarun 1960 ce zuwa sama. Sai fitila a ɗaki mai duhu. Idan takardar ta yi ƙyalli gaba ɗayanta, ta bayan yaƙi ce. Amma rashin ƙyalli ba ya wanke ta, domin masu jabu na sayen katunan asali da ba a rubuta komai a kansu ba, su ɗora sa hannu jiya-jiya. Wannan ne jabun da ya fi wuyar kamawa.

Don haka sai a koma kan tawada. A lokacin yaƙi alƙalami mai shan tawada ake amfani da shi, da fensir, da wani fensir mai barin launin shunayya wanda ba ya gogewa. Biro bai yaɗu a Jamus ba sai wajen 1950, alƙalamin maka kuwa sai shekarun 1960. Sa hannun Erwin Rommel, shahararren janar ɗin Jamus wanda ya mutu ranar 14 ga Oktoba 1944, ko na Wittmann da biro, ƙarya ce tsagwaronta. Ka ɗora gilashi a kan layin. Hannun mai suna gudu yake yi: farkon layi da ƙarshensa sukan sirance, wani wuri ya danne, wani ya sassauta. Hannun mai kwaikwayo zane yake yi, za ka ga rawa-rawa, da ɗigon tawada a tsakiyar harafi inda ya tsaya ya kalli samfur. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda mai shan ruwa kan yi gashi-gashi a gefe. Sannan ka kwantar da tocila a gefen katin, haske ya shafi fuskarsa a kaikaice. Tawadar gaske tana zaune a bisa ƙyallin hoton, wadda aka buga tare da hoto kuwa tana ƙarƙashinsa, babu ko alamar dannawa.

Idan hoton ya zo da ambulan ɗin da aka aiko shi, ka riƙe ta da kyau. Lambar gari ta gidan waya mai alƙaluma huɗu a Jamus ta Yamma daga farkon shekarun 1960 ce, mai biyar kuma daga 1 ga Yuli 1993. Da ita kaɗai za ka san zangon da aka sa hannun.

Kada ka ɗauka manya ba sa faɗawa. A 1983 mujallar Stern ta biya sama da mak miliyan 9, kuɗin Jamus na lokacin, a kan littattafan da aka ce Hitila ne ya rubuta da hannunsa, alhali wani mai suna Konrad Kujau ne ya zauna ya ƙirƙire su. Masana rubutun hannu sun amince da su. Abin da ya tona asiri shi ne takarda da zare da tawada, waɗanda aka gano na bayan yaƙi ne.

Mataki na biyar: gwajin tarihi

A nan ne mai karatu ke cin ribar karatunsa. Mai jabu na iya gwanancewa a hannu, amma sau da yawa ragon bincike ne. Tambayoyi huɗu za ka yi wa kowace takarda: wannan mutum yana wannan muƙami a wannan rana? Yana da wannan girma? Rundunar tana raye, kuma tana wurin? Lambar da ake magana a kanta an riga an ƙirƙiro ta?

Misalai. An sauke Janar Heinz Guderian daga muƙamin kwamanda a ƙarshen Disamban 1941, bai sake riƙe aiki ba sai farkon 1943, lokacin da aka naɗa shi babban sufeton sojojin tankoki. Takardar fagen daga mai ɗauke da hannunsa a tsakiyar 1942 ba ta da mazauni. Rommel ya jagoranci rundunar tankoki ta 7 daga Fabrairun 1940 yana manjo janar, bai zama fil mashal ba sai Yunin 1942, bayan faɗuwar Tobruk. Runduna ta 10 ta miƙa wuya a Tunisiya a Mayun 1943, ba a kuma sake kafa ta ba. Lambar tankoki mai ɗauke da adadi, wato 25, 50, 75 da 100, sai a Yunin 1943 ta fito. A hoto ma haka: Tiger ba ta shiga yaƙi ba sai ƙarshen Agustan 1942 a kusa da Leningrad, Panther kuma sai a Kursk a Yulin 1943. Hoton Panther da aka rubuta "Rasha 1942" a bayansa, rubutun baƙo ne.

Inda za ka tabbatar: ma'ajiyar takardun soja ta Bundesarchiv tana Freiburg, bayanan ɗaiɗaikun sojoji da ofishin WASt na Balin, mai rajistar sojojin Jamus, ya riƙe sun koma ƙarƙashin Bundesarchiv tun Janairun 2019, ƙungiyar Volksbund mai kula da kaburburan sojojin Jamus na da shafin neman kaburbura kyauta inda za ka gwada sunan da ke kan Sterbebild, ma'ajiyar Amurka kuma na da kwafin kundayen rundunonin da aka kama a jerin da ake kira T-315. Ka kuma koyi karanta tsohon rubutun hannu na Jamusawa, Kurrent da Sütterlin. Wata guda na naci ya isa ka fara gane sunaye da ranaku.

Mataki na shida: ciniki da doka

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi hoton gaba da baya mai kyau, da girman takarda, da labarin inda ta fito. Ka nemi alkawari a rubuce cewa za a mayar maka da kuɗi duk ranar da ta tabbata jabu, ba na mako biyu kawai ba. Takardar shaidar inganci da mai kaya ya rubuta wa kansa ba ta fi darajar mai kayan ba. Labarin "wani tsohon sojan Amurka ne ya kawo daga yaƙi" kuwa kowa na iya faɗa, sai an ga takarda. A gwanjo ka tuna da la'ada, wadda kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a kan farashin da aka buga, ban da kuɗin aike da inshora da na kwastan. Kayan mutum ɗaya da suka zo tare, littafi da takardun lamba da hotuna, sun fi aminci domin kowanne na shaidar ɗan'uwansa. Ina roƙonka kada ka raba su don riba. Wanda ya raba ya yaga tarihin mutum.

Yawancin takardun nan na ɗauke da mikiya da alamar Nazi. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuka ya hana baje wannan alama ko yaɗa ta, hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 3, sai dai an keɓe ilimi da bincike da koyar da tarihi. Ostiriya da Faransa ma suna da nasu dokoki, eBay kuma ya hana yawancin irin kayan. Shi ya sa dillalan Turai ke rufe alamar a hotunan talla. Kai ma ka rufe idan za ka sa a intanet, ka kuma binciki dokar ƙasar da kayan za su fito da wadda za su ratsa.

Mataki na bakwai: ka san wanda hannunsa ke cikin akwatinka

Wannan ne matakin da na fi damuwa da shi. Waɗannan mutane sun yi wa gwamnatin da ta kashe Yahudawa miliyan 6 yaƙi, kuma rundunonin tankoki ba su fita da hannu mai tsabta ba. An yanke wa janar ɗin tankoki Hermann Hoth ɗaurin shekara 15 a Nuremberg a 1948. Mutanen Joachim Peiper, kwamanda a Waffen-SS, sun harbe fursunonin Amurka 84 a Malmedy ta ƙasar Beljiyam a Disamban 1944. Sojojin rundunar Das Reich ta Waffen-SS sun hallaka sama da mutum 640 a ƙauyen Oradour-sur-Glane na Faransa ranar 10 ga Yuni 1944.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. A 1940 Faransa ta kai dubban sojojin Afirka ta Yamma fagen daga. Ana kiran su 'yan Senegal, amma daga ko'ina cikin yankin aka ɗebo su, har da Nijar. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa Jamusawa sun kashe tsakanin 1,500 zuwa 3,000 daga cikinsu bayan sun miƙa wuya, saboda launin fatarsu kawai. Ranar 20 ga Yuni 1940, a Chasselay kusa da birnin Liyon, aka ware baƙaƙen fursunoni daga farare, aka kora su cikin wani fili, tankoki suka buɗe musu wuta. Shekaru da dama ana ɗora laifin a kan rundunar SS. Sai a 2019 wani mai tara tsofaffin hotuna ya sayi kundin hotunan wani sojan Jamus, ya tarar da hotuna 8 na kisan. Da aka bi alamomin da ke jikin tankokin tare da masanin tarihi Julien Fargettas, sai ta bayyana na runduna ta 10 ne, ta sojan ƙasa. Da mutumin nan ya yayyage kundin ya sayar ɗaya-ɗaya, da har yau ba a sani ba. Maƙabartar da aka gina musu a can, mai jan gini irin na ƙasashenmu, tana ɗauke da kaburburan sojojin Afirka 188 da aka kashe a yankin.

Saboda haka a kowane kati nake rubuta tarihin mai shi gaba ɗaya, da lambobinsa da laifukan rundunarsa a shafi guda. Ba na rataye su a bango. Idan kuma ka ci karo da hoto ko wasiƙa mai nuna kisa ko cin zarafin fursunoni, ka aika kwafinta ga ma'ajiyar tarihi ko masanin da ke bincike a kan wurin.

Mataki na takwas: adanawa

Abu na farko, kada ka kai wa mai laminatin. Mun saba liƙe takardun makaranta da roba, amma zafi da gam ɗin na kashe tsohuwar takarda, ba a kuma iya cirewa. Haka salatif, da gam, da ƙarfen maƙala takardu, da robar ɗaure kuɗi. Kowace takarda ta shiga aljihunta na roba marar sinadari, irin poliyesta ko polifirofilin, ban da PVC mai warin sabuwar leda, domin tana jan tawada. Daga nan sai akwatin kwali marar asid.

Yanayinmu abokin gaba ne ta fuska biyu. Damina na kawo laima da fumfuna, hunturu na busar da hoto har ya nannaɗe ya tsage. Ka nemi akwati mai rufuwa ruf, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka sa ƙaramin ma'aunin laima, ka yi ƙoƙarin tsayar da shi tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100. Akwatin ya hau kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara, nesa da taga saboda rana. Duk wata ka buɗe ka duba ko kyankyaso ko asu sun shiga. Ka wanke hannu ka busar kafin ka taɓa, hoto kuma a gefe ake riƙe shi.

Sai rajista. Ka ɗauki kwafin gaba da baya a na'ura da ƙarfin dpi 600, wato ma'aunin kaifin hoto, ka ba kowane abu lamba, ka rubuta ranar saye, da wurin wa, da nawa, da gwaje-gwajen da ka yi da abin da suka nuna. Lambar a jikin aljihun roba ake rubuta ta, ba a jikin takardar ba. Wanda ya tabbata jabu kada ka mayar da shi kasuwa. Katin nan nawa na farko yana nan a aljihu na ɗaya, na rubuta "jabu" da fensir a bayansa, kuma duk sabon katin da ya iso, gefensa nake ajiye shi kafin in kunna fitila.